Hoton da ke Ƙasan Jakarki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Allah Ya tsare ku a wannan nisan duniya da kuke, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Mu nan mun gode Allah. Yayanki direba lafiyarsa ƙalau, sai dai bayan nan nasa da yake kuka da shi in ya yi doguwar tafiya. Matarsa ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana huɗu. 'Yarsu Mai Kumatu ta fara haƙori, ba wanda take ragawa, har gefen tabarma ciza take. Gwaggonki ƙafa ta hana ta fita, amma bakin yana nan da lafiyarsa, kin san hali. Ni kuwa, to, ni ce dalilin takardar. Na ƙi faɗa miki a waya ne domin na san ki, kafin in kai ƙarshen magana kin fara kuka, ni ma in kama, a ajiye waya ba a faɗi komai ba.

Wata biyu ke nan tari ya maƙale mini, ba mai tsanani ba, amma ya ƙi tafiya. Yayanki ya matsa har na yarda ya kai ni babban asibiti. Can suka kwantar da ni a wani siririn gado mai tafiya da kansa, ya shigar da ni cikin wani ƙaton zobe fari, wata murya tana ce mini in riƙe numfashi, in saki. Ba zafi ko kaɗan, sai sanyin ɗakin. Bayan kwana uku muka koma wurin likitar hoto, wata mai tabarau wadda ba za ta girme ki ba. Ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna mini ƙirjina an yi shi yanka-yanka kamar burodi, tana murza wani abu da yatsa yana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yanzu suna da wata na'ura da aka koya wa kallon hotunan ƙirjin mutane dubu-dubai, ita take fara dubawa kafin likita, duk inda ta ga abin da bai kwanta mata ba sai ta zagaye shi. Sunan abin ƙirƙirarriyar basira, na sa ta maimaita har na rubuta a bayan katina. A saman huhuna na dama ta zagaye wani ɗan abu da bai fi maɓallin riga ba. Likitar ta ce ranar da aiki ya yi yawa, ita kanta tana iya wuce shi ba ta gani ba.

Na tambaye ta kai tsaye ko na'urar ta ce ciwon daji ne. Ta ce a'a, ita nuni kawai take yi, hukunci na likita ne. Yana iya zama abin da muke tsoro, yana kuma iya zama tsohon tabo. Ta ce na'urar ido ne da ita, amma ba ta san ni ba sai ranar, ba ta san ko abin ya daɗe a wurin ba. In akwai tsohon hoton ƙirjina, aka ga maɓallin nan yana nan tun da, bai ƙara girma ba, to hankali zai kwanta, sai dai a riƙa dubawa lokaci-lokaci. In babu, za su sa doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari su ɗebo kaɗan a auna. Ta sa mini ranar Talata, sha bakwai ga wata mai kamawa, ta ce ba ta so a wuce nan.

Na ce mata ai ina da shi. Ba za ki tuna sosai ba, kina 'yar shekara tara lokacin da tarin fuka ya kama ni, aka ɗauki hotona, aka ɗauki na babanku shi ma rana ɗaya, don a ga ko ya ɗauka. Irin hoton da ne, baƙi, mai kauri kamar roba, in an kaɗa shi ya yi ƙara. Aka sa mana biyun a ambulan ɗaya. Na dawo gida na buɗe akwatin ƙarfe, na same shi a ƙasan zannuwa inda ya kwanta shekara goma sha tara, guda ɗaya ya rage a ciki. Washegari na kai shi ina ta alfahari da iya ajiyata. Likitar ta manna shi jikin wani gilashi mai fitila, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce Mama, wannan ai ƙirjin namiji ne. Ta nuna mini rubutun da ke kusurwa. Na matsa kusa na karanta da kaina, harafi bayan harafi. Sunan babanku ne.

Auta, ban san lokacin da na zauna ba. Shekara bakwai da rasuwarsa, sai ga shi a gabana da haske a bayansa, kafaɗar nan ta dama da ta ɗan sauka saboda zaman keken ɗinki tana nan yadda na san ta. Likitar ba ta kore ni ba, ta bar fitilar a kunne, ta shiga wasu takardu kamar tana da aiki. Yayanki ya fita waje wai zai duba mota.

A hanyar gida na tuna yadda aka yi. Kin tuna shagon babanku, da ƙyallaye a ƙasa har idon sawu, da alli a bayan kunnensa, da rediyon nan da sai an mare shi yake magana? Shekarar da kika shiga babbar makaranta ya ɗinka miki jaka da ragowar shuɗin yadin wando. Sati bai cika ba kika dawo kina kumbura baki, wai gindin jakar yana lanƙwashewa, kusurwar littattafanki tana naɗewa, ana yi miki dariya. Ya gwada kwali, ruwan sama ya jiƙa shi ya zama dusa. Sai ya ce in ɗauko masa ɗaya daga cikin hotunan asibitin nan, su ba ruwansu da ruwa. Ni na shiga ɗaki, ni na zaro da hannuna. A raina nasa na ɗauko, don nawa ne na mai ciwo, shi ya kamata a adana. A lokacin kuwa ko sunana aka rubuta da girman ƙofa ba zan gane ba, rashin sani ya fi dare duhu. Ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya dubi kusurwa, ya dube ni, ya yi wani murmushi. Na ce mene ne, ya ce ba komai, ƙirji ne mai ƙarfi, zai ɗauki kayan yarinya. Ya sa almakashi ya yanke shi daidai gindin jakar, ya rufe da shafi, ya bi da ɗinki biyu. Mutumin nan ya iya karatu, ya san nawa ne. Ya yi shekaru da dama muna tare bayan wannan bai taɓa faɗa mini ba. Da na shiga ajin manya bayan rasuwarsa, har na iya karanta takardar magani da allon shaguna, ban taɓa tunanin in koma in buɗe ambulan ɗin ba. Da na ba gwaggonki labari sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce ɗan'uwanta ko a kabari bai daina tsokanata ba.

To kin ga inda maganar ta nufa. Na san jakar tana wurinki. Ranar tafiyarki na gan ki kina cusa ta cikin akwati, na ce me za ki yi da wannan tsumma, kika ce ɗinkin Baba ne, ko zare ɗaya ba wanda zai taɓa. Yau ni ce nake roƙon ki taɓa. Ki samo reza sabuwa, ki juya cikin jakar waje, ki fara daga kusurwar da ya ƙulle zaren, ki bi ɗinkin ɗaya-ɗaya, kada ki ja, yadin ya tsufa. In kin fito da hoton kada ki wanke shi, kada ki goge shi da komai. Likitar ta ce ki manna shi jikin gilashin taga da rana, ki ɗauka da waya ki turo wa yayanki, daga baya a san yadda ainihin zai iso. Ba na ɓoye miki, ban san wane ɓangare almakashinsa ya bari ba. Mai yiwuwa saman huhun yana ciki, mai yiwuwa ya bi shara tun ranar. Mai yiwuwa kuma nauyin littattafanki ya goge shi. Ki farke ɗinkin babanki, a ƙarshe ba a sami komai ba, wannan ma yana iya faruwa, shi ya sa na daɗe da biro a hannu kafin in fara.

In zuciyarki ba za ta iya ba, ki faɗa mini, wallahi ba zan riƙe ki ba. Allura ce, wasu sun sha ta sun tashi, kuma na yi wa yayanki alkawari ko da hoto ko babu ranar zan je. Amma ni tsoronta nake ji, Auta, ban faɗa wa kowa haka ba sai ke. Abin da nake so kawai kada ki yi shiru. Ko kin farke ko kin bari, amsarki ta same ni kafin Talatar nan ta sha bakwai, in san da wace ƙafa zan shiga ɗakin.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da kulawarsa. Ki shafa mini kan Babban Mutum da 'yar takwarata. Yayanki da matarsa suna gaishe ku, gwaggonki ta ce a gaya miki ta yi fushi, rabon da ta ji muryarki tun kafin ƙafar ta tashi. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa mu gana da alheri.

Ni ce mahaifiyarki, mai jiran amsarki.