Hanyar Tsibirin da Inna Take Kwance

Da sunan Allah. Ni Sabitu tela nake rubuta wannan a ɗakin haya a unguwar Ka'akiyya, a nan Makka. Jikina ya ƙare, amma hankalina bai taɓu ba. Zuwa ga 'ya'yana Talal da Haifa. Na san karatun Hausa na yi muku nauyi, ku kai wa Goggo Mujahida ta karanta muku.

Na ɗaya. Tunda aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, babu abin rabo sai keken ɗinkina da akwatin mahaifiyarku. In kun yarda, keken na Talal, akwatin na Haifa.

Na biyu. Innata Aishatu ba ta iso Makka ba. Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Sudan ya zube mu a wani ɗan tsibiri kudu da Jidda, ina shekara tara. Zazzaɓi ya ɗauke ta a can, tana hangen gaɓa. Shekara hamsin ina zuwa gyara duwatsun kabarinta. Ban ga mai zuwa bayana ba.

Na uku. In har ɗayanku zai je, hanyar tudun yashi ce, ruwa ya janye ya buɗe ta, ya dawo ya rufe. Ku tambayi masunta lokaci, kada ku yarda da idonku. Ku bar mota a gaɓa, ku bi turakun da aka kafa. In ruwa ya taɓa idon sawu kafin turke na bakwai, ku juya. In ya tsare ku a tsibirin, ku zauna har ya sake janyewa, ko da ƙishirwa.

Na huɗu, shi ya fi mini nauyi. Talal, ka daina cewa Haifa ce ta kashe yayanku Abdulilah don ta mance jakarta wajen kabari ya koma ɗaukowa. Sai da ya tambaye ni ko da sauran lokaci. Na dubi ruwan, na ce masa akwai. Ya tafi, ruwa ya ci shi. Ni ne sanadi. Shekara goma sha ɗaya ina jin kana jifanta da wannan magana, tana kuka, na yi shiru don tsoron idonku. Ko gawarsa ban samo muku ba.

Ba na sa ran za ku yafe mini, ban kuma san abin da zan faɗa wa Ubangijina ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Ku biyu kaɗai kuka rage. Talal, kada ka jira jana'izata. Ka je gidan ƙanwarka yau, ka ƙwanƙwasa mata ƙofa.