Ɗan Farina da Takardar Zaɓen Makaranta

Malam Zarami,

Don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai juye ta wa'azi ba. Ni mutumin Guri ne. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jirgin ƙasa a Ikko, ina shaƙar hayaƙi domin 'ya'yana su zauna a ofis mai fanka. Gida kuwa sai shekara-shekara, in an ga dama an ba ni hutu.

Ɗana na fari yana aji bakwai. Ba zan rubuta sunansa ba, ka san halinmu. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunan ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Abin da ke haɗa mu wasiƙar gida ce, wadda aka ce shi ke rubutawa a madadin uwarsa. Rubutu kamar na akawun kotu. Na yi ta yawo da wasiƙun a wurin aiki ina nuna wa Yarabawa, har suka sa mini suna Baban Likita.

Da na je hutu bana, ina alwala a bayan zana, sai na ji yaron yana faɗar abin da za a rubuta, ƙanwarsa Sakinatu tana rubutawa. Na tambayi uwarsu, ta sunkuyar da kai, ita ma kunyar ɗan fari. Ashe shekara uku rubutun yarinya nake talla a Ikko.

Na je wurin hedimasta. Ya ce yaron ba daƙiƙi ba ne. Abin da aka faɗa a aji sau ɗaya ya riƙe ke nan, a lissafin ka, wanda ba a bukatar takarda, ba mai kama shi, amma da ya dubi takarda sai baƙaƙen su cakuɗe masa, kafin ya gama layi ɗaya ya jiƙe da gumi. Na tambayi abin da suka yi a kai, ya ce sun yi bulala. Shekara bakwai! Allah ya saka musu, ba su yi masa rowar dorina ba.

Yanzu an ba da takardar zaɓen makaranta, ƙarshen wata za a mayar. Yayana Shu'ibu, wanda ke riƙe da gidan, ya riga ya yanke hukunci: sakandare a Kano, domin ɗan maƙwabcinsa ya tafi, mu ba za a bar mu baya ba. Hedimasta ya ce makarantar sana'a, inda ake koyon kanikanci, tunda in injin niƙan garin ya mutu yaron ake kira, ya kasa kunne ya nuna inda ciwon yake. Yaya ya ce jikan masu shanu ba zai zama maƙeri ba. Shanun da yake faɗa, fari ya bar mana uku, ɗaya ma gurguwa ce.

Ba na ɗora wa Yaya laifi duka. Shi ya ɗauki yaron a kwalekwale zuwa asibiti lokacin da ruwa ya cinye hanya, ni ina nan ina goge ƙarfe. Ni ma, in ba zan cuci kaina ba, ofishin nan nake so. Amma ina tsoron a kai shi Kano a koro shi tun zangon farko, ya shigo gari da akwati a ka, kowa na kallo. Ni zan sa hannu a takardar. Me zan rubuta?

Bahaɗeje a Ikko

Bahaɗeje,

Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda yaron ya ce wani abu, ban samu ba. Mun ji ra'ayin Yaya, da na hedimasta, da naka, har da na Yarabawan wurin aikinku. Wanda zai zauna a ajin shi kaɗai ba a tambaya ba. Kunya abu ce mai kyau, amma ba ita za ta yi shekara biyar a makarantar kwana ba.

Yayanka yana da gaskiya a wuri ɗaya: yaro mai wannan kai bai kamata a toshe masa hanya don idonsa ya ƙi takarda ba. Sai dai sakandare littafi ne bisa littafi, safe da yamma, kuma ban taɓa jin an bar ɗalibi ya tafi da ƙanwarsa ba. Makarantar sana'a ma akwai karatu, kada kowa ya ruɗe ka, amma rabin yini hannu ke aiki, yaron da aka yaba wa da safe kuwa ya fi jure wa baƙaƙe da rana. Injuna kuma shigowa fadamarku suke yi, ba fita ba. Sakinatu ita ma, in lokacinta ya zo, kada a manta da ita.

Ka nemi hutun mako guda, ka hau jirgin da kake wa bauta ka tafi. A fara duba idonsa a asibiti. Ka je makarantar sana'ar da ƙafarka, ka gaya wa shugabanta gaskiyar yaron, ka ji ko za su yarda a riƙa karanta masa tambaya ya amsa da baki. Ban ce ka karya al'ada ba. Nemo kakarsa, ko wata tsohuwar da yake wasa da ita, ta tambaye shi a tsakar gida kana ɗaki kana ji. Abin da ba zai faɗa gaban uba ba, zai faɗa wa kaka yana tsokanarta.

In ya ce Kano, sa hannu, ka nemo masa mai karanta masa. In ya ce injin, sa hannu, sa'an nan kai za ka tsaya gaban Yaya ka faɗa da bakinka, kada ka bar wa yaro wannan aikin.

Allah ya yi masa albarka, kai kuma ya mayar da kai gida lafiya.

Malam Zarami