Sunan Aro

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Baba?

Ina lafiya, kada ki damu. Har yanzu ina jinyar tsohuwar nan da takardun wata mata, sunanta nake amsawa. Kullum talabijin na lissafa asarar da marasa takardu ke jawo wa ƙasa. Tsohuwar takan ce, "A kwashe su duka!" sannan ta buɗe baki in ba ta abinci. Na karanta tattalin arziki a jami'a, amma ba a koya mana cewa asara na iya riƙe cokali ba.

An ce za a fara bi gida-gida ana duba takardu. Ki sa ni a addu'a.

Kada ki aiko da komai. Ki dai turo saƙon murya, ki kira ni Auta. Na kwana biyu ban ji ba.

'Yarki