Malam, Wa Ya Tura Ni a Motar Wuse?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce dai Kandenka, wadda ka bari a Garki da ciwon gwiwa da tarin jikoki. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, amma magana ta taso wadda kai ne gwaninta, ka kuma tafi da iliminka ba ka rage mini ko na taɓa baki ba.

Ka tuna Jidda, 'yar wajen Sani, wadda ka bari tana rarrafe? To ta shiga babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, likita take son zama. Sai fiziks ɗin nan naka, da ka ƙare rayuwarka kana koya wa 'ya'yan mutane, ya tsaya mata a wuya. Ta faɗi gwajin da aka yi musu a kan ƙarfi, wai turawa da ja. Ta yi kuka ta ce ranar Litinin za ta gaya wa malaminsu ta bar kimiyya. Uban yana ofis, uwar tana ofis, suka ce ta zaɓi abin da take so. Jikarka fa, Malam!

Ranar Asabar muka hau bas daga Area 1 za mu kasuwar Wuse. Direba ya taka birki ba shiri, sai ga goshina ya gaisa da kujerar gaba. Na juya na wanke mutumin da ke bayana tas, na ce ko a garinsu haka ake tura tsofaffi? Bawan Allah yana ta rantsuwa, “Mama, wallahi ni ban taɓa ki ba!” Da na duba da kyau, hannayensa duka biyu suna rungume da kwandon ƙwai.

Jidda ta ja mayafina ta ce babu wanda ya tura ni. Wai motar ce ta tsaya, ni ban tsaya ba. Abin da ke tafiya, tafiyarsa zai ci gaba da yi sai wani ƙarfi ya tare shi, kuma kujerar ce ta tare ni. Na ce ni da nake zaune da jakata a cinya, yaushe na yi tafiya?

Sai na tuna ranar da muka tare a Abuja a bayan a-kori-kura, tuluna ya gangara ya fashe, kai kuma kana dariya kana cewa, “Kande, tulun bai san an taka birki ba.” Ni duk zatona tsokana ce irin taka.

Da muka koma gida ban bar ta ta huta ba. Ta ɗora lemo a faranti, ta ja farantin ta tsayar, lemon ya wuce abinsa ƙarƙashin kujera. Na ɗauko na ɓare muka shanye, ban gane ba. Ta ce in na jingina da bango, bangon ma yana tura ni. Ta ce in na yi daka, turmi ma rama dukan yake yi wa taɓarya. Malam, shekara nawa ina daka, ashe faɗa nake haɗawa ban sani ba?

Tana cikin wannan bayani Sani ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Ya tambaye ta ko ita ce dai wadda ta ce ba ta iya fiziks ba. Ta ɗauke farantin ta kai kicin.

Litinin ta je makaranta ta dawo, ba ta ce wa malamin komai ba. Ta ce ba za ta bar kimiyya ba sai ranar da Kaka ta gane wanda ya tura ta. Ka ga ke nan har jami'a za ta kai, don ni har yau ina zargin mai ƙwan nan.

Abu ɗaya ne kawai ya ɗan shige ni. Kai ka tsaya, ni ban tsaya ba. Har yanzu in abu ya ɗaure mini kai sai in juya wajen tabarmarka zan tambaye ka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa karatun da ka koyar ya bi ka da lada, Ya buɗe wa Jidda kai fiye da na kakarta. Amin.

Taka mai ƙulu a goshi,
Kande