Tagogin Ziblim

Kalpohin, Tamale
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Sanatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Tiyumba, ta daina kumburi? Yaya kasuwar doya a Techiman? Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna, masarar Baba ta kai gwiwa. Na ba direban da ke kai miki man kaɗe wannan wasiƙa, domin maganar ba ta waya ba ce. A waya kina fara yi mini dariya tun ban kai ƙarshen zance ba.

Kin tambayi aikin da nake yi a ofishin tsara gari, tunda Baba yana gaya wa abokansa wai ɗansa ne mai rusa gidaje. Ko akurkin kaji ban taɓa rusawa ba. Mutum zai kawo zanen gininsa da taswirar filinsa, mu duba ko ya bar tazarar da doka ta ce, wato ratar da ke tsakanin gini da iyakar fili. A tsarin unguwarmu ƙafa ashirin ce ta gaba, ƙafa goma ta gefe. Mu duba tsayin ginin, mu duba kada ya cinye filin duka, a bar wa iska da ruwan sama wurin wucewa. Idan komai ya yi daidai a ba shi izinin gini. Wanda ya fara ba izini kuwa, a je da jan fenti a rubuta masa a bango cewa ya dakata. Ni dai ina riƙe tef ɗin awo, shugabarmu Madam Pokuwa tana sa hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna Ziblim, ɗan wan Mma Adisa, wanda ya tafi Accra sayar da kayan gyaran mota? Ya dawo, yana gina bene a filin marigayi mahaifinsa, jikin gidan Mma Adisa. A saman benen ya fitar da taga uku da baranda, duka suna kallon tsakar gidan. Tsakar gidan da Zeliya, 'yar Mma Adisa, ke ƙulla tubani kowace safiya, Yaya, inda take shanya, inda ake yi mata kitso.

Kin san tsakanina da Zeliya, ko da ban kai goro ba tukuna. Ina jiran in gama shekarar bautar ƙasa a tabbatar da ni a aiki, don ba na son in je gaban Mma Adisa da alkawarin baki. Duk ranar da ta kawo tubani ofis a kan babur ɗinta, nawa daban take ƙulle shi, da ƙarin yaji da ɗan soyayyen albasa a gefe. Kowa a ofis ya san wannan ƙullin.

To, shekaranjiya na biya in gaishe su, sai na ji Ziblim daga sama yana kiranta matarsa, wai ta kawo wa mijinta kumallo kafin yunwa ta jefo shi ƙasa. Ita kuma ta ce ba ta auren shamuwa, mai sheƙa a sama ba rufi. Da ya hango ni sai ya ce ga Malam Tef ya iso, kowa ya gyara tsayuwa kada a auna shi. Zeliya ta yi dariya har ta dafa turmi. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariya a kan maganata ba.

Na san wasan taubasai ne. Amma ke ma kin san gida nawa a danginmu wasan nan ya ƙare da rabon goro.

Na duba takardunsa a ofis. Izininsa na nan, tsayin benen bai wuce ƙa'ida ba, bai kuma cinye fili ba. Sai dai ratar da ke tsakaninsa da madafar Mma Adisa ta yi wa idona kaɗan. Ido ba ma'auni ba ne, don haka ban ce komai ba tukuna.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Dawuni

Kalpohin, Tamale
Watan Yuli

Yaya Sanatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu amsarki tare da garin rogon, na gode. Na yi murna da jin Tiyumba ta koma makaranta. Kin ce kishi ne ke damuna, in sha ruwan sanyi in kwanta. Ban musa ba. Amma kishi ba ya ƙara wa tef ko rage masa.

Na auna. Daga bangon madafar Mma Adisa zuwa bangon Ziblim ƙafa bakwai ne, ba goma ba. Na sake aunawa ta ɗaya ƙarshen, bakwai dai. Yaya, ina jin kunyar gaya miki irin sanyin da na ji a raina. Idan tazarar gefe ba ta cika ba, ba a yarda da taga ko baranda a wannan gefen. Ba rusa masa gida nake so a yi ba, Allah ya sani. Tagogin kawai nake so a toshe.

Sai dai akwai abin da ba zan tsallake ba. Doka ba daga katangar maƙwabci take lissafa tazara ba, daga iyakar fili take lissafawa. Iyaka kuwa ita ce turken simintin da safiyo, mai awon filaye, ke binnewa a kowace kusurwa. Na ga turke uku na filin Ziblim, na huɗun bai bayyana ba, wajen duk toka ce da tarin itace. Ba zan kai rahoton da za a ce yaro ya auna daga bango ba. Saboda haka na rubuta cewa a kira safiyo a tono turken. Madam Pokuwa ta cire tabarau ta tambaye ni ko ina da wani abu da mai ginin. Na ce mata abin da tef ya nuna kawai na kawo. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba.

Ranar kasuwa na ga Zeliya ta goyo Ziblim a babur daga wajen masu siminti, yana riƙe da kafaɗarta yana ihu wai za ta kashe mijinta ta ci gado. Ni ban taɓa hawa bayan babur ɗin nan ba, don gudun bakin mutane.

Da labarin tonon ya isa ga Ziblim, ya same ni a bakin masallaci bayan la'asar. Bai kira ni Malam Tef ba, bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Dawuni, ka bar turken nan inda yake kwance. Ba don ni ba." Na tambaye shi don wa, ya ce ba maganarsa ba ce shi kaɗai. Na ce masa mai gaskiya ba ya tsoron shebur.

Tsoro ne, Yaya. Me zai sa mutum ya roƙi a bar turke a ƙasa in ba ya san ya ci iyaka ba? Ina jin idan aka tono, bakwai ɗin ma ba za ta cika ba.

Ki yi mini addu'a. Gaisuwa ga mutanen gida.

Ƙaninki,
Dawuni

Kalpohin, Tamale
Watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

An tono turken. Safiyo ya bi taswira, ya ja igiya daga turken gaba, igiyar ba ta tsaya a jikin bangon madafar ba. Ta shige ciki. Sai da aka janye tukunyar Mma Adisa, aka ɗaga duwatsun murhu, sannan bakin shebur ya ci karo da siminti. Turken yana cikin madafar, ƙafa uku daga bango.

Kin gane ke nan. Tazarar Ziblim ta cika cif, ƙafa goma daga iyakarsa. Madafar Mma Adisa ce ta shiga filinsa da ƙafa uku, kuma ba ta da izini.

A wurin na ji asalin maganar daga bakin wani dattijo. Lokacin da mijin Mma Adisa ya rasu ya bar ta da yara, wanta, mahaifin Ziblim, ya ce ta ja madafarta ta shigo filinsa don ta samu wurin manyan tukwane ta riƙa sayar da tubani. Da baki aka yi, tsakanin wa da ƙanwa, ba wanda ya je wurin sarkin unguwa ko safiyo. Ziblim ya sani tun yana yaro. Shi ya sa ya roƙe ni. Bai so ya faɗa mini cewa gwaggonsa a filinsa take dafa abin da take ci da 'ya'yanta ba.

Abin da aka gani a gaban safiyo da shaidu ba ya komawa ƙasa. Madam ta ce dole a ba da gargaɗi. Ta miƙo mini gwangwanin fentin ta ce wanda ya nemi a tono shi zai rubuta. Na rubuta, Yaya. A bangon da nake jingina ina cin tubani tun ina firamare. Har fentin ya zubo mini a takalmi.

Mma Adisa ba ta zage ni ba. Da na durƙusa in gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta ce a kawo wa ɗanta ruwa ya sha, rana ta dake shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Zeliya ce ta kawo ruwan. Ta tsaya har na sha, ta karɓi kofin, sannan ta ce, "Ka dai auna da kyau ko, Dawuni? Kada a ce ka yi kuskure."

Ziblim kuwa yana durƙushe yana mayar da duwatsun murhu inda suke. Duk da abin da nake ciki, da na ga Zeliya ta riƙe masa ɗaya dutsen suna gyarawa tare, sai da zuciyata ta yi zafi. Kin ga irin ƙanin da Allah ya ba ki.

Baba bai yi mini magana ba tun ranar. Ya dai ce wa Inna ashe bai yi ƙarya ba da ya ce ɗansa mai rusa gidaje ne.

Dawuni

Kalpohin, Tamale
Watan Satumba

Zuwa ga Yaya Sanatu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Na ji an yi ruwa mai ƙarfi a wajenku, ina fatan bai taɓa rumbun doyar ba. Na gode da ba ki ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da yake na ji ta a tsakanin layukan.

Ba za a rusa madafar ba. Na kwana biyu ina bin littafin ƙa'idoji har na kai wa Madam hanyar da ta rage. Idan mai fili ya yarda, ana iya matsar da iyaka a hukumance: a je wurin sarkin unguwa, safiyo ya sake taswira, ƙafa ukun nan su zama na Mma Adisa, sannan ta nemi izinin madafarta. Amma da zarar an matsar, tazarar Ziblim ta koma bakwai. Kwamiti ya ce zai amince da haka bisa sharaɗi guda, bangon wannan gefen ya zama rufaffe, ba taga, ba baranda.

An kira Ziblim ofis aka karanta masa. Na zaci zai nemi lokaci ya yi shawara, don barandar nan ita ce adon gidan. Ko zama bai gyara ba ya ce a toshe. Har ya ƙara da cewa dama hayaƙin gwaggonsa zai baƙanta masa labule, ita kuma matarsa Zeliya ta cika leƙen maza. Duk ofis aka yi dariya. Ni na gyara zanen da hannuna, na bi kowane layi sau biyu, don shi kaɗai ne abin da zan iya yi musu. Ba wanda ya san ni na nemo hanyar sai Madam, ban kuma ga da wane baki zan faɗa ba. Wanda ya tura ka rijiya ba ya neman godiya don ya miƙo igiya.

An toshe tagogin uku da bulo, an sare barandar. Ziblim da kansa ya shafe jan rubutuna da farar ƙasa. Yanzu unguwa ba ta da zance sai nasa, ɗan halak, wanda ya ba da ƙasa da baranda don tukunyar gwaggonsa. Ba ƙarya suka yi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Na nemi aibinsa da tef ban samu ba.

Mma Adisa ta ce tunda an hana shi hango tsakar gidan daga sama, ya riƙa shigowa yana cin abinci a ciki. Kullum in na wuce da yamma ina ganin takalmansa a bakin ƙofa. Da can ina iya tsayawa a hanya in ga lokacin da yake kallonta. Yanzu bango ne fari fat, ba na ganin komai, sai dai in jiyo dariyarta. Abin da na roƙa aka ba ni, Yaya. Na toshe masa taga uku, na buɗe masa ƙofa.

Jiya Zeliya ta kawo tubani ofis. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi jikin Inna, ta ajiye mini nawa. Na kwance ganyen a hankali. Ƙulli ne irin na kowa, ba ƙarin yaji, ba albasa. Na cinye shi duka, ban bar komai ba.

Kin ce za ki zo ki yi wa Mma Adisa magana a kaina. Kada ki zo don wannan. Idan akwai abin da ya rage, ni ya kamata in je in durƙusa, kuma zan je ranar Juma'a, ba tare da tef ba. In kuwa labarin goro ya riga ni, ya iso gare ki ta bakin dangi kafin in ji, ina roƙonki kada ki kira ni a waya. Ki rubuto, ki ba direban man kaɗe. Na fi son in karanta ni kaɗai.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Dawuni