Bawul Ɗin Da Ban Sa Wa Babur Ɗin Baba Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sale.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce irin ta ɗa da uba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ɗanka ne Haruna, bakanike, daga garejinmu na Dutse. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, wasu ne za su karanta. To su karanta, abin ya daɗe yana cin raina.

Maganar babur ɗinka ce, Baba.

Ka tuna da ya fara hayaƙi ka kawo mini, na canza masa fistin da ringi. Har alfahari na yi da aikin. Inji ya matse kamar sabo, kik kuwa ya yi tauri. Ni taku ɗaya nake yi ya tashi, kai kuma gwiwarka ta dama ta riga ta gaji. Ranar da kik ya dawo ya doke ka a ƙwauri, sai da ka yi mako guda kana salla a zaune.

Da ka samu sauƙi ka ce mini: "Na ji akwai wani ɗan ƙarfe da kuke sawa, ko tsohuwa ta tayar da mashin."

Akwai shi, Baba. Ɗan bawul ne da ake ɗaurawa a kan inji, a ja waya zuwa hannun babur. Ka matsa, iskar da ta cushe a ciki ta fita, kik ya yi laushi, ka saki inji ya kama. Ban san adadin waɗanda na sa wa ba. Aikin ba ya kai ni azahar.

Amma na ce maka babu a Dutse, sai an aiko daga Kano. Ƙarya na yi maka.

Idonka ya fara rauni, sau biyu kana faɗuwa a yashin bayan kasuwar Jahun. Ni kuwa wane ni in dubi idonka in ce ka daina hawa babur? Sai na ga dabara ta zo da kanta: in bar kik ɗin da taurinsa, shi ya hana ka. Har daɗi na ji da wayona.

Ban yi tunanin Gwaggo Hansai ba, ƙanwarka da ciwon ƙafa ya zaunar a Aujara. Tun ina yaro ba ka fashin zuwa wurinta ran Juma'a, da goro da ɗan kifi a leda.

Inna ta ce duk Juma'a da hantsi sai ka turo babur daga zaure, ka goge shi tas, ka naɗe riga, ka hau bugawa. Ka yi ta yi har gumi ya jiƙa ka. Sannan ka mayar da shi ciki ka ce: "Yau ba ya so."

Na ce in riƙa zuwa ina goya ka, ka harare ni ka ce kai ba buhun gero ba ne. Dariya na yi a lokacin, yanzu kuwa ko tunawa ba na so.

Daga nan ka rage fita. Ka zama mai zaman dakali, kai da ba ka iya wuni a gida. Kafin damina ta sauka ka kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinSa.

Ranar sadakar uku aka kawo Gwaggo a Keke Napep. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce: "Haruna, me na yi wa Yaya ya daina zuwa?" Na sunkuyar da kai na ce jiki ne kawai.

Sai bayan arba'in Inna ta gaya mini sauran. Ashe abokinka Malam Garba ya taɓa zuwa gaishe ka a kan babur ɗinsa, ya nuna maka bawul ɗin, yana ta yabona, wai ɗanka ne ya sa masa. Ta ce ka matsa shi da hannunka sau biyu. Da ya tafi ka ce mata: "Kada ki yi masa maganar. Tsoro yake ji in faɗi."

Wato ka sani, Babana. Wata huɗu ina zuwa ina durƙusawa ina gaishe ka, kana sa mini albarka, ba ka taɓa bari na ji kunya ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ma zagina ka yi.

Har gobe ban sani ba ko da na sa maka za ka faɗi a hanya. Wataƙila. Amma ba ni ke da ikon yanke maka hukunci a ɓoye ba, da na zauna na faɗa maka gaskiya, ka yi faɗanka, mu san abin yi.

Kai ba zan iya neman gafararka ba sai a addu'a. Gwaggo kuwa tana raye, kuma har yau tana ganin fushi ka yi da ita ka tafi. Jibi Juma'a zan je Aujara in gaya mata ba kai ba ne, ni ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ya sa ka yafe mini kafin ka tafi. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Haruna.