Kalandar Baba Yakubu

Talata, 12 ga Agusta, Mubi

Kwana uku da binne Baba Yakubu, maigidana da ya koya min kanikanci. Yau na buɗe gareji ni kaɗai.

Da rana wani direba daga garin Uba ya kawo mota, rediyonsa a kunne. Ana hira a kan kamfanonin motoci na waje. Wai a fili suna tallar tsabtace iska, a ɓoye kuma suna tura mutanensu kamun ƙafa wurin 'yan majalisa don a sassauta dokar hayaƙi. Matar da ke magana a rediyon ta ce a tilasta musu su bayyana wanda suka gani da abin da suka roƙa. Direban ya yi dariya, ya ce, "Oga, wa zai tambaye su?"

Ni kam sai da na nemi wuri na zauna. Baba da hanci yake gane ciwon inji. Sai ya durƙusa a bakin salansar mota, ya shaƙi hayaƙin, ya ce mai ya yi yawa. In na yi masa maganar tarinsa, sai ya nuna kalandar kamfanin mota da ke bango, mai hoton mota a tsakiyar korayen ganye, ya ce, "Ɗana, da a ce akwai cuta, da masu ƙera ta sun faɗa."

Likita bai ce hayaƙi ne ya kashe shi ba, kuma kwana ne ya ƙare, na sani. Amma Baba ya yarda da kamfanonin nan, su kuwa ko sunan Mubi ba su sani ba.

Na cire kalandar zan yaga, sai na ga shatin yatsunsa na baƙin mai a gefenta. Na mayar da ita.